Yadda Gidan Firimiya Ya Zama Arewa House

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohon soron da za a ce kakan kakan wane ne ya gina. Turawa ne suka yanke ta a bakin kogi, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, unguwanni irin su Abakpa kuma suka tashi a gefen barikin soja. Wanda yake neman gwanintar maginan Hausa sai ya nufi Zariya ya ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ko ya wuce Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, inda gidan Madaki yake tsaye da tubalinsa da azararsa da bakan gizonsa. Wannan gida na ƙauye ya shiga jerin kayan tarihin da gwamnati ta ba kariya tun 1956, saboda hannun maginin kawai.

Gidan da Kaduna take tattali ba haka ya sami darajarsa ba. Yana lamba 1 a Titin Rabah, ba nisa da Abakpa, titin da ke ɗauke da sunan garin da aka haifi mai gidan. Ginin gwamnati ne na siminti, a fili mai faɗi da inuwar itatuwa, irin fasalin da Turawa suka saba yi wa manyan ma'aikata. Magini ba zai tsaya ya daɗe yana kallonsa ba. Nan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya zauna, ƙofarsa kuma ba ta rabuwa da sarakuna da malamai da masu neman alfarma.

A daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya fito da sojoji da sunan atisayen dare da aka laƙaba wa suna Damisa. Suka buɗe wa gidan wuta da manyan makamai har ya kama ci, suka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka ita kanta Jihar Arewa ta zama labari, domin a watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba ta jihohi shida. Gida ya rasa mai shi, ya kuma rasa gwamnatin da ta mallake shi. Gidajen gwamnati da yawa a wannan gari irin wannan maraicin ne ya cinye su, aka yanka filayensu aka sayar.

Takarda ce ta ceci wannan. Hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare ta kafa kwamitin rubuta tarihin Arewa, aikin kuma ya sami mazauni a harabar gidan a 1970. A 1975 aka miƙa wannan cibiya, wato Arewa House, ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daraktanta na farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya dage cewa tarihin Daular Usmaniyya a rubuce-rubucen malamanta na Larabci za a neme shi, ba a rahoton Razdan kaɗai ba. Ya rasu a 1984, littattafansa kuma suna cikin abin da aka gina laburaren a kai.

A ganina wannan zaɓi ya fi a mai da wurin zallar makoki. An ware ɓangaren da ake nuna kayan Sardauna da hotunansa, 'yan makaranta suna zuwa a motoci su kewaya. Amma ainihin aikin yana can ciki, inda ɗalibai masu neman digiri suke buɗe fayilolin tsohuwar gwamnatin Arewa da tsofaffin jaridu da takardun Larabci da na ajami da aka tattaro daga gidajen malamai. Waɗannan su ne gara da danshin damina suke fako, kuma kula da su ya fi fentin bango cin kuɗi da haƙuri.