Matsayin Kashi Na Biyu A Wasannin Bidiyo Masu Kashi Uku: Duba Daga Madawa, Buza Da Keita

An saba ɗaukar kashi na biyu na labari mai kashi uku a matsayin mahaɗa kawai. Na farko ya gabatar da jarumi, na uku ya warware rikici, na tsakiya kuwa ya riƙe mai wasa har a kai ga ƙarshe. Wannan fahimta ta ginu ne kan zaton cewa mai wasa ya mallaki na'urarsa, ya faro daga farko, kuma zai sayi na gaba da zarar ya fito. A garuruwan jihar Tawa irin su Madawa, Buza da Keita, yaro yakan biya kuɗi ne ya zauna gaban na'urar haya, ya buga faifan da ya tarar, galibi ma na ƙwallon ƙafa. Idan aka yi dace da wasa mai labari, babu tabbacin kashi na ɗaya ne. Hujjar wannan maƙala ita ce, irin wannan mai wasa ne ya fi cancanta a auna kashi na biyu da shi, domin shi ba shi da abin da zai jingina labarin da shi.

Misali mafi kusa shi ne God of War na kamfanin Sony. Na ɗaya ya fito a 2005, na biyu a 2007, duka a kan PlayStation 2. Na uku ya zo a 2010, amma a kan PlayStation 3 kaɗai. PlayStation 2 kuwa ta daɗe tana aiki a gidajen wasa na Afirka ta Yamma bayan an yi watsi da ita a ƙasashen da suka ƙera ta, saboda arha da sauƙin gyara. Ke nan ga wanda ita ce iyakar abin da ya samu, labarin Kratos, jarumin wasan, ya tsaya ne inda na biyu ya tsaya: yana hawan dutsen Olympus tare da ƙattan farko, zai yaƙi Zeus, sarkin alloli, sai allo ya yi baƙi.

Duk da haka ba za a ce an cuci wannan mai wasa ba, kuma dalilin yana cikin ginin labarin. A na ɗaya, Kratos bawa ne mai neman alloli su yaye masa baƙin cikin kashe iyalinsa. Na biyu ya kifar da wannan tsari tun a buɗewa, inda Zeus ya yaudare shi ya kashe shi, sannan a ƙarshe Athena, ɗaya daga cikin allolin, tana bakin mutuwa, ta bayyana masa cewa Zeus ɗin mahaifinsa ne. Tambayar labarin ta tashi daga neman gafara ta koma rikicin uba da ɗa. Wannan sauyi ya kammalu a cikin kashi na biyun kansa. Abin da aka bar wa na uku shi ne yaƙin, wanda mai hankali ya riga ya hango.

Makarancin Hausa ya san wannan dabara tun kafin zuwan na'ura. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939, littafi uku ce. A na ɗaya Aku yana ba da labari ne don ya hana Musa ɗan sarki fita. A na biyu dalilin ya canza gaba ɗaya, ya zama gasa tsakaninsa da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma yana koyar da ɗansa Fasih. Ɗalibai da yawa sun karanta ɗaya ba tare da sauran ba, ba su kuma ɓace ba, domin kowane littafi ya zo da nasa dalilin yin magana. A ganina wannan ya bambanta da abin da wasu masu fim na Kano suka riƙa yi a zamanin kaset da faifai, inda ake datse labari guda a tsakiyar rikici don a sayar da shi sau biyu.

Akwai wata hanya dabam, wadda masana suka fi yabawa, ita ce ta Mass Effect na kamfanin BioWare, da ya fito a 2007, 2010 da 2012. A nan kashi na biyu yana karanta ajiyar da mai wasa ya yi a na ɗaya, ya gina a kan hukunce-hukuncensa, kuma abokan tafiyar da suka mutu a yaƙin ƙarshe na kashi na biyu ba sa dawowa a na uku. Gwaninta ce babba, sai dai tana da sharaɗi. Tana buƙatar na'ura ɗaya, mutum ɗaya, da ajiyar da babu mai taɓa ta tsawon shekaru. A gidan haya, inda hannu da yawa ke bi ta kan na'ura guda, wuta kuma na iya ɗaukewa kafin a yi ajiya, wannan sharaɗi ba ya cika. Kamfanin da kansa ya ci karo da matsalar: da aka kai kashi na biyu kan PlayStation 3 a 2011, na ɗaya bai je can ba tukuna, dole aka haɗa da gajeren labarin zane da ke taƙaita shi, mai wasa ya zaɓi hukunce-hukuncen a cikin mintuna kaɗan.

Ana iya cewa ba adalci ba ne a auna aiki da yanayin da ba don shi aka yi shi ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ina cewa Mass Effect 2 ya gaza ba ne. Amma gwajin yana fito da abin da yabo kan rufe: wani kashi na biyun nauyinsa yana cikin abin da ya faru a cikinsa, wani kuma rabin nauyinsa aro ne daga na ɗaya. A inda ajiya ba ta dawwama, abin da ke riƙe labari shi ne bakin 'yan kallo da ke tsaye bayan mai wasa, wani ya ga farko, wani ya ga tsakiya, suna cike wa juna da Hausa abin da aka faɗa da Turanci ko Faransanci. Labarin ɗan da ya tashi yaƙar mahaifinsa yana ratsa irin wannan isarwa lafiya lau. Jerin zaɓuɓɓukan da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai kuwa, da wuya wani ya iya ba da labarinsu.