Tarihin Koya wa Matan Karkara Sana'a a Cikin Ekklisiya

Yayin da muke murnar cikar ekklisiyarmu shekara 50, ya kamata mu tuna da yadda iyayenmu mata suka koyi sana'ar hannu a inuwar gidan Allah.

Ma'aikatan SIM na farko sun sauka Legas a 1893, na SUM kuwa suka isa Wase a 1904, aka kuma buɗe tashar Garkida a 1923. A tashoshin mishan, mata sukan koyi karatu tare da ɗinki, saƙa da kula da jarirai. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mace mai karatu ta iya karanta labarin Dokas, wadda ta ɗinka wa gwauraye tufafi, da na Lidiya mai sayar da shunayya. Ta gane cewa sana'a da bangaskiya ba abokan gaba ba ne.

Zumuntar Mata ce ta kai wannan koyarwa ƙauyuka. Bayan addu'a da waƙa, wadda ta iya yin sabulu, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko daddawa takan koya wa 'yar'uwarta. Adashi ya zama jarinsu, wadda ta kwashi nata ta sayi keken ɗinki ko akuya.

Amfanin wannan ya fito fili daga 1986, lokacin da shirin SAP ya karya darajar naira, kaya suka yi tsada. Gidaje da yawa sun biya kuɗin makarantar yara da cinikin uwa. A 1987 Maryam Babangida ta kafa shirin Better Life domin matan karkara, amma shirin bai daɗe ba bayan saukar gwamnatin a 1993. Zumunta kuwa ta ci gaba.

A 2014, da 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, mata da yawa sun rasa mazaje da gonaki. Koyon sana'a ya taimaki gwauraye da dama su sake tsayawa da ƙafafunsu.

'Yan'uwa, har yanzu akwai gwauraye da 'yammata a cikinmu da ba su da abin yi. Bari kowace uwa mai sana'a ta ɗauki yarinya ɗaya ta koya mata, dattawan ekklisiya kuma su taimaka da kayan aiki. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.