Zamba Biyu a Kan Mutum Ɗaya: Tarihin Mallakar Karɓa-karɓa

A farkon shekarun 1960 wata dabara ta ɓulla a Turai. Maimakon mutum ya sayi gidan hutu dungurungum alhali mako ɗaya kawai zai kwana a cikinsa a shekara, sai ya sayi makon nan kaɗai, sauran makonnin kuma wasu su saya. Kowa da ranar ɗaukarsa, kamar adashi. Kamfanin Hapimag da aka kafa a Suwizalan a 1963 yana cikin waɗanda suka fara wannan mallakar karɓa-karɓa. Kafin ƙarshen shekarun ta isa Amurka, a 1974 kuma aka kafa RCI domin masu makonni su riƙa musayar wuri da juna.

Tun daga tushe tsarin yana da rauni guda: shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya. Wanda ya sayi mako yana biyan kuɗin kula da gini kowace shekara, ya je ko bai je ba, kuma kuɗin hauhawa suke yi. Wasu yarjejeniyoyin ba su da wa'adi, har magada suna iya tarar da nauyin. Idan tsufa ko rashin lafiya suka hana mutum tafiya, ya nemi sayarwa, sai ya iske babu mai saye, domin kamfanoni na nan suna tallar sababbin makonni. Hausawa sun ce wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa zai kama. Masu miƙa takobin ba su daɗe ba suka bayyana.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne John Palmer, ɗan Ingila. An tuhume shi da narka zinariyar da aka sace a fashin Brink's-Mat na 1983 kusa da filin jirgin saman Heathrow, amma kotu ta wanke shi a 1987. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya ya kafa kasuwancin makonni. Ma'aikatansa sukan shawo kan masu tsohon mako su sayi sabo, bisa alkawarin za a sayar musu da tsohon da riba. Sayarwar ba ta aukuwa, sai mutum ya wayi gari da nauyi biyu. Dubban mutane abin ya shafa, da yawansu tsofaffi masu cin fansho. A 2001 wata kotu a Landan ta yanke masa ɗaurin shekara takwas, a 2015 kuma aka harbe shi har lahira a gidansa da ke Essex.

Tarayyar Turai ta yi doka a 1994, ta ƙarfafa ta a 2008. Ta ba mai saye kwana 14 ya janye idan ya sake shawara, ta kuma haramta wa dillali karɓar ko kwabo kafin a kammala sayarwa. Sai dai doka tana tsayawa a bakin iyaka, kiran waya kuwa ba ya tsayawa.

Babi na gaba a Meziko aka buɗe shi, inda Amurkawa da yawa suka mallaki makonni a bakin teku. A 2023 Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta sanya takunkumi kan wasu kamfanoni a yankin Puerto Vallarta, ta ce ƙungiyar masu safarar miyagun ƙwayoyi ta CJNG ce ke tafiyar da su. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 kimanin Amurkawa 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300.

Ga yadda abin ke gudana. Wani zai kira ya ce shi dillali ne, ya samo mai saye da farashi mai tsoka, saura kawai a biya haraji da kuɗin takardu. Ana biya sai wani sabon kuɗi ya taso. Idan mutum ya farga ya daina turawa, sai a yi shiru. Bayan wani lokaci wata murya dabam ta kira, lauya ko jami'in gwamnati, ta ce an gano 'yan damfarar, za a dawo masa da dukiyarsa idan ya biya kuɗin shari'a. Muryar ta san sunansa da adadin asararsa, shi ya sa yake yarda. Ba ya tsayawa ya tambayi kansa wa zai san waɗannan bayanai in ba wanda ya cuce shi ba. Jerin sunayen waɗanda aka taɓa damfara haja ce a hannun mazambata, domin sun san mai raɗaɗin asara ya fi kowa saurin buɗe jaka.

Mai karatu a Kano ko Damagaram wataƙila bai taɓa sayen mako a Tenerife ba, amma ya san ƙashin bayan zancen, wato a biya kaɗan yau domin a karɓi mai yawa gobe, abin da Najeriya ta sani da 419. Duk wanda ya taɓa asara a wata harkar zuba jari ta intanet ya sa a ransa cewa sunansa na cikin wani jeri. Idan wata rana baƙuwar lamba ta kira da albishir ɗin an gano kuɗinsa, amma sai ya tura wani abu tukuna, to ba ceto ne ya zo ba. Waɗanda suka kwashe na farko ne suka dawo neman saura.