Zangon Sinawa A Ƙasar Amurka

A wannan fitowa za mu leƙa tarihin wasu mutane da suka bar gida neman abinci, suka kafa unguwarsu a ƙasar wasu, wato Sinawan Amurka. Mu da muke zaune a zango, labarin ba zai yi mana wuyar ganewa ba.

Abin ya faro ne a 1848, lokacin da aka gano zinariya a Kalifoniya. A wannan zamani ƙasar Sin tana cikin wani hali. Ingila ta ci ta da yaƙi a 1842, sa'an nan tawayen Taiping ya ɓarke, ya ci rayukan miliyoyin jama'a. Sai samarin lardin Guangdong suka rinƙa cin bashin kuɗin jirgin ruwa suna ƙetara teku. A 1852 kaɗai, wajen mutum 20,000 suka sauka a San Faransisko, wurin da suka sa wa suna Dutsen Zinariya.

Da farko an yi maraba da su, don ana bukatar masu ƙwadago. Daga 1865 zuwa 1869, Sinawa fiye da 10,000 suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa gabashin Amurka da yammacinta, suna fasa duwatsu cikin ƙanƙara a kan ladan da bai kai na Turawa ba. To, amma kowa ya san idan tuwo ya yi ƙaranci, baƙo ake fara harara. A 1871 'yan tarzoma suka kashe Sinawa akalla 18 a Los Anjeles. Da tattalin arziki ya karye a 1873, 'yan siyasa suka samu abin kamfe, wai baƙi ne suka ƙwace aikin 'yan ƙasa. A 1882 Shugaba Chester Arthur ya sa hannu a kan dokar da ta hana leburorin Sin shiga Amurka, ta kuma hana waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa. Shekara uku bayan haka aka kashe akalla 28 a garin Rock Springs, aka ƙone musu gidaje.

Yaya suka yi? Sun haɗa kai ne. Kowane mutum yana da ƙungiyar mutanen gundumarsu, wadda ke tarbar sabon zuwa, ta ba shi masauki, ta nema masa aiki, ta sasanta rigima, kai har ƙasusuwan mamaci takan mayar gida. Waɗannan ƙungiyoyi suka dunƙule a ƙarƙashin wata babba da ake kira Kamfanoni Shida. Suka rinƙa tara kuɗi suna ɗaukar lauyoyi. A 1886 wani mai wanki da guga, Yick Wo, ya yi nasara a Kotun Ƙoli, inda aka yanke cewa kariyar doka ta shafi baƙo kamar yadda ta shafi ɗan ƙasa. A 1898 kuma aka yi shari'ar Wong Kim Ark, wanda aka haifa a San Faransisko, ya je ziyara ƙasar iyayensa, da ya dawo aka hana shi shiga. Kotu ta ce tun da a Amurka aka haife shi, ɗan ƙasa ne.

Su ma na gida ba su yi shiru ba. A 1905 'yan kasuwar Shanghai da Kanton suka ƙaurace wa kayan Amurka saboda wulaƙancin da ake wa 'yan'uwansu. Haka kuma Sun Yat-sen ya kafa ƙungiyarsa ta farko a Honolulu a 1894, ya yi ta karɓar gudummawa a unguwannin Sinawa, har aka kifar da sarautar Qing bayan juyin 1911.

Daga nan sai darajar mazauna unguwar ta rinƙa hawa da sauka bisa ga yadda gwamnatocin biyu suka kwana. A yaƙin duniya na biyu, da Sin da Amurka suka haɗu a kan Japan, sai aka soke dokar hana shiga a 1943, amma mutum 105 kacal aka yarje wa a shekara. Da Mao ya kafa mulkin kwaminis a 1949, kuma sojojin ƙasashen biyu suka gwabza a Koriya, sai aka hana aika kuɗi gida, aka shiga zargin mutane da leƙen asiri. Sabuwar dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa. Shugaba Nixon ya ziyarci Beijing a 1972, aka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci a 1979, ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara. Yanzu masu asalin Sin a Amurka sun kai wajen miliyan 5, cikinsu da likitoci da malaman jami'a da 'yan majalisa. A 2011 da 2012 majalisun Amurka biyu suka bayyana nadama a kan dokar 1882.

Duk da haka ba a ce an gama ba. Lokacin annobar korona a 2020 an yi ta kai wa 'yan Asiya hari a tituna. A 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin taƙaita haƙƙin zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, magana ta koma kotu, aka sake jawo sunan Wong Kim Ark.

'Yan'uwa, mu ma muna da 'ya'ya da jikoki da aka haifa a nan, waɗanda har yau ake tambayarsu takardar ɗan asali. Sinawan nan ba su da yawa, ba su da kuri'a a wancan lokaci. Abin da suka riƙe shi ne ƙungiya mai asusu, da zuwa kotu, da sa yara a makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.