Cinikin tsofaffin bawul na rediyo

Bawul na rediyo ƙwai ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, wanda ake ƙara ƙarfin sauti da shi tun kafin a ƙirƙiro tiransista a shekarar 1947. Tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba ana kiransu NOS. Masu sha'awar na'urorin sauti da makaɗan gita suna sayensu da tsada, musamman na kamfanin Mullard na Ingila da Telefunken na Jamus, waɗanda aka daɗe da daina ƙera su.

Tsadar ce ta jawo jabu: akan goge sunan bawul mai araha a buga na Telefunken. Shi ya sa masu saye ke duba gindin gilashin, inda yawancin na asali ke da ƙaramar alama mai kusurwa huɗu tsakanin ƙafafun.