Sawakin, Mashigar Alhazan Ƙafa

Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, maniyyacin da ya tashi daga Kano ko Damagaram yakan yi shekaru a hanya. Ya ratsa Borno da Wadai da Darfur, ya tsaya ƙodago a gonakin audugar Jazira don ya tara guzuri, sannan ya gangara bakin Bahar Maliya. Inda tudu ke ƙare masa shi ne Sawakin, wani ɗan gari na ƙasar Sudan da ke kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. A nan likitoci suka riƙa killace Takari, kamar yadda ake kiran mutanenmu a can, kafin a bar su su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Allah ne ya tsara wa garin tasharsa. Teku ta kutsa cikin tudu ta wani siririn lungu, a ƙuryarsa kuma ga tsibiri kewayayye kamar faifai, inda igiyar ruwa ba ta damun jirage. Ibn Baɗuɗa ya ya da zango a nan a ƙarni na 14. Bayan Turkawan Usmaniyya sun ci Masar a 1517, Sawakin ta shiga hannunsu, a 1865 kuma aka miƙa ta ga Masar. Hauren giwa da ƙaro da gashin jimina suna fita ta nan, tufafi da kayan ƙamshin Indiya suna shigowa. Bayi ma ta nan aka riƙa fitar da su, kuma bai kamata mai ba da tarihin garin ya tsallake wannan ba.

Abin da ya fi jan ido shi ne ginin. Da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku attajirai suka gina benaye hawa biyu da uku, suka shafe su da farar ƙasa, suka maƙala musu tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. Iskar teku na shiga ta ƙananan ramukansu ta sanyaya ɗaki, matan gida na kallon titi ba tare da an gan su ba. Sai dai murjani dutse ne mai laushi. Idan aka daina sabunta masa shafe, gishiri da danshi sai su cinye shi.

Abin da ya faru ke nan. Garin ya jure wa kewayen Usman Digna, jarumin Mahadi, wanda ya matsa masa a shekarun 1880 bai iya cin sa ba. Ƙofar ganuwar da hafsan sojan Ingila Kitchener ya gina a lokacin tana nan. Amma manyan jiragen tururi sun kasa ratsa lungun, sai Turawan Ingila suka buɗe Port Sudan a 1909. Fatake suka kwashe, suka kulle gidaje, bene bayan bene ya zube.

Baƙo a yau zai taka gadar da Baturen Ingila Gordon ya sa aka yi a 1877 ya shiga tsibirin, ya ga masallatan Hanafi da Shafi'i da tsohon gidan kwastan, waɗanda Turkiyya ta gyara. A ɓangaren tudu akwai kasuwa, da soyayyen kifi, da gahawa mai citta ta mutanen Beja. Tashar Usman Digna kuma tana aiki, tana loda fasinjoji da tumaki zuwa Saudiyya.

Da Shugaba Erdogan na Turkiyya ya ziyarci garin a Disambar 2017, an sa rai za a tayar da sauran gidajen. Amma gwamnatin Albashir ta Sudan ta faɗi a 2019, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hankalin hukuma ya koma wani wajen. Abin da ya fi damuna shi ne benayen attajiran nan, domin su ne ainihin Sawakin, kuma yawancinsu har yanzu tulin duwatsu ne.