Ƙarfafa Ƙofofi da Tagogin Makarantu a Garwa da Arewacin Kamaru

Wannan bayani ne ga kwamitocin masallatai, masu makarantun Islamiyya da na allo, da ɗalibai, a kan yadda ake ƙarfafa ƙofa da taga don kare yara daga masu kutse da makami.

Dalilin wannan magana

Tun daga 2014 hare-haren Boko Haram suka tsallako yankin Arewa Mai Nisa, musamman Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-da-Chari, har aka rufe makarantu da dama a bakin iyaka. A Janairun 2016 'yan ƙunar baƙin wake sun kai hari wata makaranta a Kerawa, inda 'yan gudun hijira suka fake. A ranar 24 ga Oktoba 2020 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Kumba da rana tsaka, suka kashe yara bakwai a cikin aji. A Najeriya an sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, an kuma kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina a Mayun 2021. Ke nan makarantar addini ma ba ta tsira ba.

Garin Garwa yana cikin rufin asiri, amma garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta daɗe tana addabar ƙauyukan Mayo-Rey da Tuboro. Masu magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kamaru ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo a 2018, sai dai yawancin makarantunmu al'umma ce ta gina su, ita ce kuma za ta gyara su.

Matsayin shari'a

Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar da malaman usulu suka ambata, yaro kuwa amana ne a hannun malaminsa. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir umarnin rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah. Wanda ya bar ƙyaure ba sakata yana cewa Allah ke tsarewa, sakaci ya yi.

Abin da ƙofa ke iya yi

Mu sani cewa ƙyauren ƙarfe irin na kasuwa ba ya tare harsashin babbar bindiga. Amfaninsa shi ne jinkirta mai kutse: mintunan da yake fama da ƙofa su ne yara ke fita ta baya, makwabta su ji hayaniya, a kira jandarma. Duk gyaran da za a yi, da wannan ma'auni za a auna shi: minti nawa ya ƙara mana?

Ƙofa

Ƙofa ba ta wuce ƙarfin abin da ya fi rauni a jikinta, kuma galibi ba ƙyauren ba ne, firam ɗin ne. A duba waɗannan:

1. Firam. A sa masa ƙafafun ƙarfe aƙalla uku kowane gefe, su nutse cikin bango a zuba kankare. Idan bulon da ke kewaye da ƙofar mai rami ne, a cike shi. Ginin ƙasa kuwa, a fara ɗaga ginshiƙan siminti biyu, domin firam a jikin laka duka ɗaya ke tumɓuke shi.

2. Ƙyaure. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, da ƙarafa a gicciye daga ciki. Ƙyauren kwano ko na falanki mai rami sutura ce kawai.

3. Mariƙan ƙyaure. Su zama uku, a yi musu walda yadda ba za a iya ɗaga ƙyauren a zare shi ba.

4. Sakata. Babbar sakata daga ciki, wadda yaro ɗan shekara goma zai iya ja ba tare da mabuɗi ba. Kwaɗon waje na dare ne, lokacin da ba kowa a ɗakin.

5. Wajen buɗewa. Ƙofar aji ta riƙa buɗewa waje. Mai dukan ta daga waje ƙara danna ta yake cikin firam, masu gudu daga ciki kuwa turawa kawai za su yi.

Taga

Wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ya san ba a toshe taga. Abin da ya dace shi ne rodi mai milimita 12 zuwa 16, tazarar da ke tsakani kada ta wuce santimita 12, da ƙarfe a gicciye don kada a tale su, bakunansu kuma a binne cikin bango. Gilashi a taga mai kallon titi haɗari ne, domin idan ya fashe yara yake yanka. Marufin ƙarfe mai sakata daga ciki ya fi. Bulo mai huda da ake sa wa azuzuwa da yawa yana ba da iska, amma guduma na rusa shi, don haka a ɗaga shi sama da tsayin mutum. A duba kuma tsakanin bango da kwano, domin ɓarawo ya saba bi ta rufi.

Kada tsaro ya zama tarko

Nan ne muka fi jin tsoro. A 2001 ɗalibai 67 suka rasu a gobarar ɗakin kwana a Kyanguli ta ƙasar Kenya, ƙofa a kulle, tagogi da sandunan ƙarfe. A Buni Yadi ta jihar Yobe, a Fabrairun 2014, maharan wuta suka cinna wa ɗakunan kwana. A Kauran Namoda, a Fabrairun 2025, gobarar dare ta kashe almajirai 17. Saboda haka:

Kowane aji da ɗakin kwana ya samu mafita biyu a ɓangarori daban-daban. Idan ba halin ƙofa ta biyu, a mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa daga ciki. Kada a taɓa kulle yara daga waje, ko da sunan tsaro ko da sunan tarbiyya. Malamin da ya sa kwaɗo ya tafi da mabuɗi a aljihu, ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Wani babba ya riƙa kwana tare da su, da tocila da waya mai caji.

Bayan ƙarfe, mutane

Kakanninmu sun gina gida da zaure, baƙo ba ya kaiwa ciki sai an gan shi. Makaranta ma haka: mashiga ɗaya da mai gadi, da wata ƙaramar ƙofar gudu a baya. A tanadi usur ko ƙararrawa mai alama biyu da kowa ya sani, ɗaya ta "ku fita", ɗaya ta "ku ja sakata ku kwanta ƙasa nesa da taga". A gwada wannan da yara kowane zangon karatu, cikin natsuwa ba tare da firgita su ba. Lambobin mai unguwa, 'yan sintiri da jandarma su kasance a rubuce a bango, sunayen yara kuma a rajista, don a san wanda ya ɓace.

Idan kuɗi bai isa ba

A fara da ɗakunan kwana, sannan azuzuwan ƙanana, sannan babbar ƙofa, katanga ta zo daga baya. Sakata da mafita ta biyu sun fi komai araha, sun kuma fi komai ceton rai. Liman ya sanar da taimakon bayan sallar Juma'a, a nemi mai walda da magini na unguwa, a kuma bayyana wa jama'a kowace sefa da aka kashe. Kafin haka, kwamiti ya zaga makarantar a wannan makon, ya girgiza kowace ƙofa da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu da malamansu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.